Kunnen da Anena Ta Zaɓa

Kitgum, Yuli 2007

Ƙanwata Filda,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kin isa Kampala lafiya, sanyin can kuma bai kama miki ƙirji ba. Mu nan ƙalau muke, sai gwiwata da ta saba tashi idan damina ta kankama. Gyaɗarki ta yi kyau, na sa an yi mata noma na biyu. Akuyarki ta haihu, amma ɗan bai zo da rai ba.

Oryem kwandasta ya kawo mini wasiƙarki. Na karanta yadda kike kwana a kan katifa, ana kaɗa muku ƙararrawa ku je ku ci abinci kamar 'yan makarantar kwana. Madalla. Ki ci har da rabona.

Ranar Lahadi Fasto ya miƙe a majami'a ya ce a yi wa "'yarmu Filda" addu'a, wadda ikkilisiya ta tura ta koyo shugabanci da jinyar raunin zuciya. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni ma na yi, kada a ce. Amma ina guɗar ina tambayar kaina, wa ya riƙe zumuntar matan nan a sansanin gudun hijira, lokacin da muke sujada a gindin mangwaro kunnenmu na wajen bindiga? Wa ke wanke gawa idan kowa ya ja da baya? Ke lokacin kina bayana, riƙe da littafin waƙa. Da aka zo zaɓen mai tafiya, Fasto ya ce mini, "Mama Santina, da Turanci ake koyarwar." Na ce, "To Fasto, matan namu da Turanci suke kuka?" Ya yi dariya ya ce bakina ya fi ƙarfinsa. Ba ƙorafi nake yi ba, labari nake ba ki.

Anena tana nan yadda kika bar ta. Tana share gida, tana ɗebo ruwa, ta ci kaɗan, ta zauna kusa da kekenki na ɗinki ko da ba abin ɗinkawa. Idan na yi mata magana, "To, Mama" ce amsar. Shekaranjiya ta ce in ba ta takarda da ambulan. Raina ya yi fari, na zaci wani abu za ta rubuta mini wanda bakinta ya kasa. Ashe taki ce. Ga ta nan na haɗo da tawa, a liƙe yadda ta ba ni.

Ni na haifi yarinyar nan, Filda. Ni na jira ta duk shekarun da take daji a hannun 'yan tawaye, ina ajiye mata kwanon tuwo har ya bushe. Sun ɗauke ta ko ƙirgar dangi ba ta fara ba, ta dawo mini mace, kuma har yau ban san inda ta kwana ko dare ɗaya ba. Idan akwai abin da ta rubuta da ya kamata uwa ta sani, ki sanar da ni.

Yayarki,
Santina Lamunu


Kampala, Agusta 2007

Yaya Santina,

Alheri da salama su tabbata a gare ki. Na ji daɗin labarin gyaɗa, na ji ciwon ɗan akuya. Gwiwar nan ki riƙa shafa mata man kaɗe da ɗumi, ki bar tafiya kasuwa a ƙasa. Ni lafiyata lau, sai dai tuwon ayabarsu ya ishe ni. Ina mafarkin tuwon tamba da miyar malakwang, yakuwar nan mai tsami, irin taki.

Yaya, da kin ga matan da ke nan! Daga Ruwanda, daga Kongo, daga kudancin Sudan, har daga Najeriya. Na zo ina jin ba wanda ya ga abin da muka gani. Mako ɗaya ya ishe ni in rufe bakina.

Da safe muna nazarin matan Littafi Mai Tsarki da yadda ake tafiyar da ƙungiya. Da yamma kuma ana koya mana sauraro. Kada ki yi dariya. Ana zaunar da mu biyu-biyu, ɗaya ta yi magana, ɗayar ta yi shiru. Ba aya, ba "yi haƙuri", ba "ni ma haka ta faru da ni". Ranar farko abokiyata ba ta kai tsakiya ba na jefo mata Zabura. Malama ta dafa ni ta ce, "Filda, ayar ba za ta gudu ba. Bar ta ta gama." Sun ce wanda aka raunata ba a matsa masa, shi ke zaɓar lokaci, shi ke zaɓar kunne.

Wannan ya kawo ni ga takardar Anena. Na karanta, na amsa mata, ga amsar nan. Amma ba zan iya gaya miki abin da ke ciki ba. Ba raini ba ne, Yaya. Amana ce, kuma ranar da na ɓalle ta, ta daina yi wa kowa magana ke nan. Abin da zan iya cewa, ba ta cikin haɗari.

Kullum a aji ke nake tunawa. Kin daɗe ɗauke da zumuntar nan a kanki ke kaɗai: biki ke, makoki ke, sulhun miji da mata ke. Idan Allah ya maido ni, zan sauke ki, ki huta.

Ki gaishe da Fasto da dukan mata.

Ƙanwarki,
Filda Aciro


Kitgum, Agusta 2007

Filda,

Muna lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi, ba da man kaɗenki ba.

Na karanta wasiƙarki har na haddace. "Zan sauke ki." To, sannu da ƙoƙari. Wata biyu kacal a Kampala, har an fara auna kujerata. Fasto ne ya yi miki alkawari kafin ki tafi, ko can aka ce wadda ba ta da satifiket ta matsa gefe? Da kin bari kin dawo tukuna, ki gaya mini ido da ido. Kujerar ba ta ƙarfe ba ce, benci ne mai ƙafa uku, kin san shi.

Sai maganar amana. Ni ce bare yanzu? Na goya ki a bayan nan lokacin da innarmu ke gona, kin yi mini fitsari ba adadi, yau ke ce za ki koya mini abin da zan sani da wanda ba zan sani ba game da 'yar cikina? Na miƙa mata amsarki. Ta shige ɗaki da ita, ta daɗe, ta fito idanunta jawur, har ta ci tuwo ta ƙara. Ni da na tuƙa tuwon ina zaune kamar kujera. Na ce, "Me Innarki ta ce?" Ta ce, "Tana gaishe ki."

Tana gaishe ni!

Allah bai ba ki haihuwa ba, ban taɓa goranta miki ba, kuma ban hana ki 'ya'yana ba. Amma aro daban, ƙwace daban. Kin tafi da gurbin karatun, kina shirin karɓar zumunta, ki bar mini 'yar mana.

Sauraron da kike ta yabo, mu ma Allah ya yi mana kunnuwa a Kitgum.

Santina


Kitgum, Oktoba 2007

Filda,

Ban san ko wannan za ta same ki ba. Lafiyar jiki akwai, sauran babu.

Ba ki amsa mini ba. Na san ruwa ya shanye gadar Aswa, motoci sun tsaya, amma zuciyata ta ƙi karɓar wannan. Na ce kin yi fushi ne, ko kin ga ban kai a ba ni amsa ba. Kullum Anena sai ta je tasha ta dawo hannu wofi, ta koma gindin kekenki. Ni kuma ina kallonta ina ƙuna.

Sai na ce bari in nuna abin da ake koya a Kampala ba sabo ba ne. Ranar Alhamis bayan addu'ar zumunta na ce wa mata yau ba mai tafiya, kowa za ta tashi ta faɗi abin da yaƙi ya yi mata, mu saurare ta. Da farko abin ya tafi daidai. Tsohuwa Dorina ta faɗi yadda aka ƙone rumbunta da mijinta a ciki, muka yi kuka, muka yi waƙa. Wasu biyu suka bi. Na ji kaina ya yi girma. Na ce a raina, da Filda na nan ta gani.

Anena na baya, ita na sa ta zagaya da shayi. Sai na ji bakina ya ce, "Anena, ajiye butar nan. Zo ki gaya wa iyayenki abin da aka yi miki a daji, ki fitar da shi ki huta."

Ta tsaya da buta a hannu tana kallona. Na ce, "Zo mana, duk nan iyayenki ne." Sai Jesca, wadda aka ɗauke ɗanta shekarar da aka ɗauke Anena, ta ce daga inda take zaune, "Ko kuma ta gaya mana abin da ita ta yi wa 'ya'yan mutane."

Filda, ba wadda ta tsawata mata. Har ni. Anena ta sunkuya ta ajiye butar a hankali, ta gyara murfin, ta ce, "Mama, shayin zai huce." Ta fita.

Na zaci gida ta tafi. Na tsaya sallamar mata, kada a ce taro ya watse a hannuna. Da na isa, ba ta nan. Shuɗiyar rigarta ba ta kan igiya. Mun duba gona, mun duba tsohon sansani, samarin ikkilisiya sun bi bakin rafi da sanduna suna caccakar ciyawa. Na tsaya a bakin ruwan nan ina kiran sunanta kamar wancan karon. Wancan karon wasu ne suka ɗauke ta.

An ce an buɗe hanya shekaranjiya. Idan ta taɓa rubuta miki wani wuri da take son zuwa, ko wani abu da take tunanin yi wa kanta, na roƙe ki don Allah ki ajiye amanar nan ki gaya mini. Ki riƙe kujerar, ki riƙe komai.

Yayarki


Kampala, Oktoba 2007

Yaya,

Na san saƙon da na bari a wayar shagon Komakech ya iso ki, amma bari in sake faɗa da alƙalami: Anena tana nan wurina, lafiyarta ƙalau. A motar gawayi ta zo. Mai gadi ya kira ni daga aji, na same ta a bakin ƙofa baƙi ƙirin da ƙura, riƙe da ambulan ɗina mai adireshi. Ta yi wanka, ta ci abinci, ta yi barci kamar an jefar da ita. Shugabar makaranta ta yarda ta zauna ɗakina, tana taimaka wa masu girki.

Na amsa waccan wasiƙar taki a makon da ta zo. Motar ba ta wuce Gulu ba, Oryem ya dawo mini da ita. Gara da ba ta isa ba, don na zazzaga miki magana a ciki.

"Zan sauke ki." Yaya, ke da kika yi rayuwarki kina ɗauko itace! Idan kin dawo daga daji da kaya a ka, wuya na rawa, me kike ce mini a ƙofar gida? Ba "Filda, zo ki sauke ni" ba? Wannan nake nufi. Bencinki mai ƙafa uku ba na so. Amma maganar haihuwa da kika yi, ta shiga, kuma tana nan.

Abin da kika yi ranar Alhamis, ba zan ɓoye miki ba, kuskure ne babba. Ba a tara jama'a a ce wa mutum ya buɗe cikinsa, balle a gaban wadda nata ɗan bai dawo ba. Na yi fushi da ke har na kasa cin abinci. Sai da na karanta yadda kika tsaya a bakin rafi, fushin ya rasa wurin zama.

Na tambaye ta ko in mayar da ita. Ta ce ba yanzu ba. Na ce, "Kina fushi da Mama?" Ta ce, "A'a. Idonta ne ba na iya kallo. Kullum yana jira."

Ki bar ta ta kai ƙarshen karatuna, mu dawo tare.

Filda


Kitgum, Nuwamba 2007

Filda,

Na gode wa Allah, na gode miki. Da yaron shagon Komakech ya kawo saƙo, a tsakar gida na durƙusa, kaji na yawo a kaina. Gwiwa ta dawo da ciwo tun daga ranar, ban damu ba.

Na ji bayanin saukewa. To. Da kin rubuta shi yadda mutum zai gane. Maganar haihuwa kuma, na janye ta, bai kamata ta fito ba.

Amma kada in yi miki ƙarya a takarda. Da na ji tana wurinki, farin ciki ya zo, wani abu kuma ya biyo bayansa. Yarinya ta rasa inda za ta gudu a duniya sai wurinki. Yanzu kin same ta gaba ɗaya, safe da yamma. Ni kuma an bar ni da ido mai jira. To me zan yi da shi? In ƙwaƙule?

Ga riɗi da busasshiyar kuɓewa. Anena ba ta son yaji da yawa, idan ba ki sani ba.

Santina


Kampala, Nuwamba 2007

Yaya Santina,

Salama. Riɗi ya iso, mun gode. Anena ta yi ƙiba kaɗan, har masu girki na tsokanarta. Ni ce dai mura ta kama.

Kin ce na same ta gaba ɗaya. Zauna ki ji, na san za ki ji daɗi.

Da ta zo, na shirya tsaf. Na ce ga dama ta samu, duk abin da na koya zan zuba a kanta. Sai malamarmu ta kira ni ta ce a'a. Ta ce dangi na kusa ba ya jinyar irin wannan rauni, don akwai abin da mutum ba zai iya faɗa wa wanda zai ci tuwo da shi har abada ba. Na ce, "Ai ni take rubuta wa." Ta ce, "Me take rubutawa?" Wannan kam zan iya gaya miki, Anena ta yarda: mafarkai ne, da rashin barci, da tsoron ƙarar babur. Abin da ya faru a daji, ni ma ko kalma ban taɓa ji ba.

Akwai wata dattijuwa a nan, Mama Keziya Abalo, daga Pajok ta kudancin Sudan. Harshenmu ɗaya. Ta gama wannan horon tuntuni, yanzu tana taimaka wa malamai. Gajeriya ce, haƙoranta na gaba babu, ba ta da wani kwarjini. Wata rana tana tsince wake a bayan kicin, Anena ta ji ta ambaci sunan wani dutse na can Sudan, inda 'yan tawaye ke tsallakawa da yara. Ta saki tsintsiya ta ce, "Na san dutsen nan." Keziya ba ta ko ɗago ba, ta ce, "To zauna ki taya ni tsintar."

Tun ranar, kullum da la'asar suna gindin bishiyar bayan kicin. Ina hango su ta tagar aji. Bakin Anena na motsi, Yaya, yana ta motsi, hannunta na nuna gabas da yamma. Rannan na ɗauki shayi na kai musu, wai alheri. Ina isowa suka yi shiru. Keziya ta ce, "Mun gode, 'yata, ajiye nan." Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Da yamma na ce wa Anena, "Me kuke ta faɗa haka?" Ta ce, "Hira ce, Inna."

A nan na tuna da ke da tuwonki.

Za a yi bikin gamawa kafin Kirsimeti, an ce kowa ta gayyato mutum ɗaya. Kafin in buɗe baki Anena ta karɓi alƙalamin. Ga nata a ƙasa.

Filda

Mama, ina cin abinci. Ina barci. Ki zo. Anena.


Kitgum, Disamba 2007

Ƙanwata Filda,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Allah ya sawwaƙe mura. Ki sha citta, ki bar wanka da ruwan sanyi don ki burge mutanen birni. An cire gyaɗarki, tana rumbuna.

Kin ce zan ji daɗi. Na ji. Na yi dariya har maƙwabta suka leƙo. Ke da satifiket, ni da naƙuda, wata mai wawulo daga Pajok ta zo ta wuce mu da tsintar wake! Sannu, Filda. Yaya maƙogwaron? Ba ya wucewa da wuri, ki shirya.

Bayan dariyar kuma na zauna na yi kuka, ban san na mene ne ba.

Na tsaya a gaban zumunta na ce abin da na yi ranar nan ba daidai ba ne, kada wadda ta sake yin irinsa. Dorina ta ce ita dai ta ji sauƙi, tana son a ƙara. Na ce ta jira ki dawo, akwai yadda ake yi. Jesca ba ta zuwa tun ranar. Na yi niyyar in je in wanke ta tas, har na kai ƙofar gidanta. Na hango ta zaune ita kaɗai tana sussukar tamba, ga ɗakin ɗanta a rufe, jinkar ta zube. Tawa ta dawo, nata bai dawo ba, kuma kullum tana ganin tawa na wucewa da tulu. Na san abin da ke cin ta. Na juyo. Ba mu shirya ba tukuna. Ki sa ta a farkon aikinki, ni zan raka ki in tsaya a waje.

Layukan nan da Anena ta rubuto, na kai wa Fasto ya karanta mini, wai idona ba ya gani. Ƙarya nake, so nake wani ya ji.

Zan biyo motar Oryem ranar Talata. Ban taɓa wuce Gulu ba, ki tsaya a tasha kada birninku ya haɗiye ni. Zan sa rigar zumunta, fara da shuɗi, a san ni ma wani abu ce a garinmu. Na ƙulla wa Keziya man kaɗe da kaza. Kada ki gaya mata sonta nake yi, ban yanke ba tukuna. So nake in zauna kusa da ita in ga abin da take yi da idonta.

Ki ce wa Anena na ji, ina zuwa, kuma ba abin da zan tambaye ta. Haka kawai za ki faɗa, kada ki ƙara da naki.

Yayarki,
Santina